Muryar Tafawa Ɓalewa a aji aka ƙera ta

1/ Jiya na sake sauraron jawabin da Abubakar Tafawa Ɓalewa ya yi a majalisar dokokin Amurka a 1961. Mutane kan ce baiwa ce kawai. Akwai baiwa kam, amma fa horo ya sha.

2/ Kwalejin Katsina da Gwamna Clifford ya buɗe a 1922 ta horar da malamai ce. Sardauna ya shiga a 1926, Ɓalewa a 1928, ya gama a 1933.

3/ Abin da aka fi matsa musu a kai shi ne furucin Turanci. A yi ta maimaita sauti har ya zauna a baki. Dalili? Malami da baki yake aiki. Littattafai ƙalilan ne, ba lasifika. In ya furta kalma a karkace, haka yaran lardi guda za su ɗauke ta.

4/ Daga nan Ɓalewa ya yi fiye da shekara 10 yana koyarwa a Midil ta Bauchi. Gaban allo muryar nan ta gogu, tun kafin a yi mata laƙabi da ta zinariya.

5/ Abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya, Turanci aka yi wa wannan hidima. Hausa, da balagar Larabci da ake karantawa a zaure tun kafin zuwan Bature, ba su samu wannan gatan ba.

6/ Ni da aka tura ni gwajin koyarwa, yara sun fi 80 a ajin. Na iya tsara darasi, amma ba wanda ya taɓa nuna mini yadda ake sarrafa murya. Kwana uku, wallahi, ta dishe.