Tarihin Kamfanin Jiragen Sama na Nijeriya

A cikin shekarar 1925 ne mutanen Kano suka fara ganin jirgin sama da idonsu. Jirage uku ne na sojan Ingila, sun taso daga Masar, suka biyo ta Sudan da Barno, suka sauka a filin sukuwa. A 1936 wani kamfanin Ingila ya soma kawo wasiƙu da fasinja daga Hartum zuwa Kano, daga baya ya zarce da su har Ikko. Da aka yi Yaƙin Duniya na Biyu, sai aka riƙa harhaɗa jiragen yaƙi a Takoradi, ana bi da su ta Ikko da Kano da Maiduguri zuwa Masar. Wannan ya sa aka gyara filayen sauka da yawa. Da yaƙi ya ƙare, filayen suka zama na fatauci.

A 1946 ƙasashe huɗu da ke hannun Ingilishi, watau Nijeriya, da Gana wadda a lokacin ake kira Gwalkwas, da Saliyo, da Gambiya, suka haɗa kuɗi suka kafa kamfani guda, hedkwatarsa a Ikko. Nijeriya ce ta zuba kaso mafi yawa. Da Gana ta sami mulkin kai a 1957, sai ta ware ta kafa nata. Saboda haka a 1958 Nijeriya ma ta tsayar da nata. Gwamnati ta riƙe kashi 51 cikin ɗari na jari, sauran kuwa na kamfanonin Ingila biyu ne, BOAC da Elder Dempster. A 1961 Gwamnati ta saye rabonsu duka. Shi ne kamfanin da aka sani da suna Nigeria Airways.

Dalilin Gwamnati na shiga wannan sha'ani a fili yake. Ƙasa ce mai faɗi, hanyoyin mota kuwa kaɗan ne, da damina wasu ma ba su biyuwa. Alhazai da a da suke shekara da shekaru a hanyar Sudan, sai ga su suna tashi daga Kano su sauka Jidda a yini guda. Har wa yau, kowace ƙasa da ta sami 'yanci tana so a ga tutarta a filayen jiragen duniya. Don a sami 'yan ƙasa masu aikin, aka buɗe makarantar koyon tuƙin jirgi da gyaransa a Zariya a 1964.

Da kuɗin man fetur ya samu bayan 1970, kamfanin ya sayi manyan jirage. Zuwa wajen 1985 yana da jirgi kamar talatin, yana zuwa Landan da Niyok da Jidda da biranen Afirka da dama. Amma fa tun a lokacin nan ciwo ya riga ya shige shi.

Mai karatu zai fi gane wannan ciwo in ya san yadda cinikin jirgi yake. Jirgin sama kamar doki ne, ko an hau ko ba a hau ba sai ya ci. Ko yana ajiye a ƙasa, dole a biya bashin da aka saye shi da shi, a biya inshora, a biya matuƙa da makanikai. Kuma kujerar da jirgi ya tashi da ita ba kowa, kuɗinta ya tafi ke nan, ba a ajiye ta a sayar gobe kamar buhun gero. Saboda haka ribar wannan sana'a siririya ce ƙwarai, sakaci kaɗan sai ya cinye ta.

To, sakacin bai zo kaɗan ba. Gwamnati ce ke naɗa shugabannin kamfanin, tana kuma sauya su a kai a kai, kafin wannan ya san kan aiki an kawo wani. Aka ɗibi ma'aikata fiye da abin da jiragen za su iya ciyarwa. Ma'aikatun Gwamnati suka riƙa tafiya bashi, biya kuwa sai an ga dama. Sau da yawa mai tikiti a hannu yakan zo ya tarar an ba wani kujerarsa. A 1979 aka ɗauko kamfanin KLM na ƙasar Holan ya riƙe ragamar har shekara biyu, amma da suka tafi aka koma gidan jiya.

Sa'an nan ga maganar canjin kuɗi. Kamfanin yana sayar da yawancin tikitinsa da naira, amma jirgi da kayan gyaransa da babban gyara a ƙasashen waje duk da dala ake biya. A 1980 naira ɗaya ta fi dala ɗaya daraja. Daga 1986 naira ta soma faɗuwa, zuwa 2003 sai an ba da fiye da naira 100 kafin a sami dala ɗaya. Jiragen da aka kai gyara waje aka kasa fanso su, waɗansu masu bin bashi suka riƙe. A cikin wannan hali kuma Gwamnati ta buɗe wa 'yan kasuwa ƙofa, kamfanoni irin su Kabo da Okada suka kwashe fasinjan cikin gida. A 2003 Nigeria Airways ya daina tashi, aka rufe shi da bashi mai nauyi. Dubban ma'aikatansa suka yi ta jiran hakkinsu, a 2018 aka biya da yawa wani kaso, waɗansu sun riga mu gidan gaskiya ba su gani ba.

An yi ƙoƙarin maye gurbinsa. A 2005 Virgin Nigeria ya fara tashi, ya sake suna sau biyu, ya tsaya a 2012. A 2018 aka yi shelar wani sabo mai suna Nigeria Air, aka dakatar da shi a 2023 bai ɗauki fasinja ko ɗaya ba.

Masu binciken wannan al'amari sukan kwatanta Nijeriya da Habasha. Kamfanin Habasha ya fara tashi a 1946, shi ma na Gwamnati ne, ƙasar kuwa ba ta da arzikin fetur. Amma an bar masu sanin aiki su riƙe shi, suka horar da matuƙansu, suka gina wurin gyaran jiragensu a gida, har ya zama mafi girma a Afirka. Ashe ba mallakar Gwamnati kaɗai ce ta kashe na Nijeriya ba, rashin amana ne da rashin lissafi. Dukiyar jama'a in ba a tsare ta kamar yadda falke yake tsare jarinsa ba, kome yawanta sai ta ƙare.