Daga Karen Mota zuwa Riƙe Sitiyari: Tarihin Shekarun Fara Tuƙi a Tawa

Birnin Tawa na ƙasar Nijar, wanda ke tsakanin gonakin Adar da makiyayar Azawak, ya daɗe yana zaman kasuwar da manoma Hausawa ke haɗuwa da Abzinawa da Fulani, tun kafin Faransawa su kafa bariki a wurin a farkon ƙarni na 20. A wancan zamani raƙuma da jakuna ne ke ɗaukar gishiri da hatsi, kuma yaro kan shiga ayari yana ɗaurin kaya da shayar da dabbobi, har ranar da madugu, wato jagoran ayari, zai ga ya isa a damƙa masa amana. Ba a ƙirga masa shekaru, hankalinsa da juriyarsa ake dubawa.

Da mota ta zo, sai sana'ar tuƙi ta gaji wannan tsari. Matashi kan fara a matsayin karen mota, wato yaron da ke bin direba yana koyon aiki, inda yake wanke mota, ya ɗaure kaya ya rufe da tampol, ya tokare taya da dutse idan an tsaya a gangare, da dare kuma ya kwana a gindin mota yana gadi. Sai bayan shekaru maigida ke ba shi makulli ya juya mota a cikin tasha, daga baya ya sakar masa sitiyari a inda hanya ta miƙe babu jama'a. Sana'ar ta bunƙasa bayan da aka fara haƙar yuraniyom a Arlit a 1971, aka kuma shimfiɗa kwalta daga Tawa zuwa Agadas da Arlit ta Abalak a ƙarshen shekarun 1970, domin a lokacin ta nan ne manyan motoci ke bi zuwa tashar ruwa ta Kwatano, ga kuma dubban Adarawa masu tafiya cin rani Najeriya da Kodebuwa da Libiya.

Ma'aunin shekaru kuwa daga dokar Turawa ya fito. A Faransa, dokar 1922 ce ta tsayar da shekara 18 a matsayin mafi ƙarancin shekarun samun takardar tuƙin mota, kuma Nijar, wadda ta gaji tsarin dokokin Faransa bayan samun 'yanci a 1960, tana kan shekara 18 ga ƙaramar mota. Wannan takarda ita ce mutanen Tawa ke kira permi, 'yan Najeriya kuma lasisi, kuma an kasa ta rukuni-rukuni, na babur dabam, na ƙaramar mota dabam, na manyan motoci da na fasinja dabam. Wanda ya tsallaka iyaka daga Birnin Ƙonni zuwa Illela ta jihar Sakkwato zai tarar da shekara 18 ɗin dai, sai dai ƙa'idar can ta ɗaga shekarun direban haya zuwa 26. A Ingila shekara 17 ake nema, Faransa ma ta sauko zuwa 17 a 2024, a Amurka kuwa kowace jiha da nata, har akwai inda ɗan shekara 14 ke samun izinin koyo.

Aiwatar da wannan ma'auni ya yi wuya a Adar saboda dalilai biyu. Na farko, yara da yawa na ƙauyuka an haife su ba tare da an yi musu rajista ba, sai sun girma kotu ke ba su takardar da ke maye gurbin ta haihuwa, bisa shaidar mutane da kintacen shekara. Na biyu shi ne yaɗuwar babura masu sauƙin kuɗi ƙirar Sin da Indiya daga shekarun 2000, wadda ta bunƙasa sana'ar kabu-kabu, wato ɗaukar fasinja a babur, sana'ar da yaro ke koya cikin 'yan kwanaki, ba maigida ba makarantar tuƙi.

Tsohon tsarin tasha bai san shekaru ba amma yana da horo, doka kuma ta kawo shekaru da jarrabawa. Matashin da ya hau babur a yau yakan kuɓuce wa duka biyun, kuma a nan ne matsalar fara tuƙi da ƙuruciya ta fi tsanani a Tawa.