Motar da ta “sha mai”: sunayen ciwon injin Wankel

Daga kasuwar Ƙofar Ruwa a Kano har zuwa Gadarif ta gabashin Sudan, inda Hausawa suka daɗe da zama kuma tarakta ke noman dawa da riɗi tun shekarun 1940, injin da bakanike ya tashi da shi mai fistin ne. A jikinsa aka ƙera kalmomin sana'ar: fistin, ringi, bawul, kabureta. To akwai injin da ba shi da fistin ko bawul irin wanda muka sani, amma ya gaji sunayen ciwon mai fistin, kuma sunayen suna ɓatar da mai gyara.

Sunan injin kansa da gyara a ciki. Ana ce masa Wankel saboda Bajamushe Felix Wankel, wanda samfurinsa ya fara aiki a kamfanin NSU a 1957. A nasa, ƙarfen ciki da gidansa duka juyawa suke. Injiniya Hanns Dieter Paschke ne ya tsayar da gidan cak, ya bar ƙarfen ciki kaɗai yana zagayawa, kuma wannan fasalin ne ya shiga motoci, ko da yake ba kasafai ake tuna sunansa ba. Ƙarfen mai kusurwa uku ne, yana juyi cikin rami mai siffar kwanson gyaɗa. A kan kowace kusurwa akwai ɗan siririn ƙarfe da ke goga bango yana hana iska zurarewa, aikin da ringi ke yi a jikin fistin.

Kamfanin Mazda na Hiroshima ya sayi lasisi a 1961. Waɗannan siraran ƙarafa sun yi ta karce bangon injin, har injiniyoyin da Kenichi Yamamoto ke jagoranta suka raɗa wa tabon suna “yakushin shaiɗan”. Sai da suka shawo kansa aka fitar da Cosmo Sport a 1967, RX-7 ta biyo a 1978, sannan RX-8 a 2003. Injin wannan ta ƙarshe an sa masa Renesis, haɗin haruffan farko na “inji mai juyi” a Turanci da kalmar da ke nufin farkon halitta. A cikinsa aka ɗauke ƙofar hayaƙi daga bangon zagaye aka mayar gefe, domin man da bai ƙone ba ya zauna ciki ya sake zagayowa maimakon ya fita ta salansa.

Nan ciwon ya sami wurin kwana. Idan aka tayar da motar da sanyin safiya, kwamfutarta kan zuba fetur da yawa. Mai ita ya gusar da ita daga bakin ƙofa, ya kashe kafin ta yi zafi. Fetur ɗin da ya rage ya jiƙa fulogi, waɗanda biyu ne a kowane rami, ya kuma wanke baƙin man da ke liƙe tsakanin siraran ƙarafan da bango. Da aka dawo, sai batir ya yi ta juya inji, mota ta ƙi tashi.

Turawa suna kiran wannan ambaliya, suna daga zamanin kabureta, lokacin da fetur kan tumbatsa da gaske. Direbobin Masar kan ce motar ta ƙware, kamar mutumin da ruwa ya bi masa ta hanyar numfashi. Mu kuma mukan ce ta sha mai, magana mai fuska biyu, tunda haka ma muke faɗa wa motar da ke cinye kuɗin aljihu. A ganina na Masar ya fi kusa da gaskiya, tunda ya ambaci numfashi. Ambaliya da shan mai suna tura bakanike ga fetur kaɗai: ya kwance fulogi, ya busar, ya mayar. A injin Wankel babbar asarar ita ce ƙarfin matse iska, wanda ya tafi tare da baƙin man da aka wanke. Shi ya sa masu gyaransa kan ɗiga ɗan baƙin mai ta ramin fulogi kafin su sake gwadawa.

Maganin da kamfani ya kawo ma yana da suna da muka sani ta wata ƙofa. Masu gyaran waya a Farm Centre ta Kano suna cewa “fulashin” idan sun goge manhajar waya sun zuba sabuwa, kuma kalmar ce dillalan Mazda suka yi amfani da ita. Abin da ake gogewa yana cikin akwatin da muke kira ƙwaƙwalwar mota. Wannan suna yana sa mutum ya ɗauka akwatin tunani yake yi, alhali jadawali ne da injiniya ya rubuta: in sanyi ya kai kaza, zuba mai kaza, kunna fulogi a lokaci kaza. Mazda ta sake rubuta jadawalin fiye da sau ɗaya a shekarun farko na RX-8, ta haɗa da sabbin fulogi da kik mai saurin juyi. A Amurka kuma ta tsawaita garantin injin zuwa shekara 8 ko mil 100,000. Fulashin ya rage yawan faruwar abin, bai canza siffar ramin ba, don haka shawarar barin inji ya yi zafi kafin a kashe ta ci gaba har aka daina ƙera motar a 2012.

Akwai layi ɗaya a jadawalin da ke juya ma'anar totur. A motar kabureta, famfa totur ƙara fetur yake yi. A RX-8, in aka danne shi har ƙasa aka riƙe ana murza makulli, kwamfuta yanke fetur take yi gaba ɗaya, iska kaɗai ke shiga tana share ramin. Wanda ya saba da famfawa kan saki ƙafa ya sake takawa, kuma duk sakin da ya yi, sabon fetur ne ke zuba a kan fulogin da bai bushe ba.