Tumunin takaba: daga ina lissafin kaso ya zo mana?

Akwai wata ƙa'ida da kowane malamin lakkol ke maimaita wa ɗalibansa har ta zauna: in kaso biyu suna da lambar ƙasa iri ɗaya, a tara lambobin sama, a bar ta ƙasa yadda take. 3/8 da 2/8 sun ba da 5/8. Littattafai sukan kawo misalin da burodi ko da kek, abin da ke sa yaro ya ɗauka cewa wannan ilimi baƙo ne, Nasara suka zo da shi. Tarihi bai yarda da haka ba.

Misirawan dā sun san kaso. Takardar lissafin da magatakarda Ahmes ya kwafa wajen shekara ta 1550 kafin haihuwar Annabi Isa cike take da rabon burodi tsakanin mutane goma. Sai dai, ban da 2/3, kusan duk kason da suke rubutawa lambarsa ta sama 1 ce, don haka tarawar tana ba su wahala ƙwarai.

Rabon gado a Musulunci ya mai da wannan lissafi tilas. Suratun Nisa'i ta yanke kaso shida: rabi, rubu'i, sumuni, sulusi biyu, sulusi da sudusi. To, yaya za a fitar da sumuni da sudusi daga dukiya guda? Malaman fara'ili sukan fara neman abin da suke kira asalin mas'ala, wato adadin da kowane kaso zai fita daga cikinsa ba tare da karaya ba. Asalan bakwai ne: 2, 3, 4, 6, 8, 12 da 24. Wannan asali shi ne lambar ƙasan da ake koyarwa a aji.

A ɗauki mutumin da ya rasu ya bar mata, da uwa, da ɗa namiji, da jika 240 bayan an biya bashi. Asali 24 ne. Matar tana da 3/24, uwa 4/24. An tara, 7/24. A ɗebe su daga 24/24, saura 17/24 na ɗan. Jika 30, jika 40, jika 170. Tarawa ɗaya da ɗebewa ɗaya, amma kuskure a cikinsu kan raba zumunta.

Wata rana lissafin ya ƙi fita. A zamanin halifa Umar ɗan Haɗɗabi, wanda ya yi mulki daga 634 zuwa 644, aka kawo gadon wata mata da ta bar miji da ƴan'uwa mata biyu. Miji na da 3/6, ƴan'uwan 4/6, jimla 7/6: hakkoki sun fi dukiya. Bayan shawara da sahabbai aka ɗaga asalin daga 6 zuwa 7, ragin ya shafi kowa gwargwadon rabonsa. Ana kiran wannan auli. Abdullahi ɗan Abbas bai amince da shi ba, amma mazhabobi huɗu, har da ta Malikiyya da ake bi a nan, sun karɓe shi. Mafi shahara ita ce mas'alar mumbari da ake jingina wa Sayyadina Ali: mata, ƴaƴa mata biyu, uba da uwa. 3 da 16 da 4 da 4 sun kai 27, sun zarce 24, sai sumunin matar ya koma ɗaya cikin tara.

Ba banza ba ne Alkawarizmi, a Bagadaza wajen 820, ya ba da babban yanki na littafinsa na aljabra ga wasiyya da gado. Layin nan da ke raba lambar sama da ta ƙasa ma, an fara ganinsa a rubutun Alhassar, masanin Magarib na ƙarni na 12. Fibonaci ɗan Italiya, wanda ya koyi lissafi a Bijaya ta Aljeriya, ya yi amfani da shi cikin littafinsa na 1202.

Ƙasar Hausa kuwa ta zaure ilimin ya shigo mata, cikin littattafai irin Risala ta Ibn Abi Zaid na Ƙairawan, wanda ya rasu a 996, mai babi sukutum kan gado. Harshe ya riƙe shaida. Rabi tamu ce tun asali, amma sulusi, rubu'i, humusi, sudusi da ushiri duk aro ne daga Larabci, kuma sun daɗe da zama ƴan gida: manomin da ke fitar da dami ɗaya cikin goma na zakka ushiri yake fitarwa. Sumuni ya zama tumuni a bakin jama'a, shi ya sa ake cewa tumunin takaba.

Tumunin nan ɗaya ne ko mata nawa mamaci ya bari. In huɗu ne a misalin da ya gabata, 3 ba ta rabuwa gida huɗu, sai malam ya ninka asalin sau huɗu ya zama 96: matan 12, kowacce 3, uwa 16, ɗa 68.