Tarihin Shuke-shuken Cikin Gida a Ƙasar Wurno, Raba da Goronyo

Gabatarwa

A ofisoshin gwamnati da gidajen manyan ma'aikata na birnin Sakkwato, akan ga tsiro a cikin tukunya an ajiye shi a falo ko a bakin taga domin ado. Mutane da yawa sun ɗauka cewa wannan al'ada baƙuwa ce ɗungurungum, watau Turawa ne suka zo da ita, kuma kafin zuwansu Bahaushe bai san rainon tsiro a gidansa ba. Rabin wannan magana gaskiya ne, domin tukunyar fure a cikin ɗaki baƙuwa ce. Amma rainon tsiro a cikin gida ya daɗe ƙwarai a ƙasar Hausa. Maƙasudin wannan lacca shi ne a bi diddigin wannan al'ada a garuruwa uku na gabashin Jihar Sakkwato, watau Wurno da Raba da Goronyo, a ga yadda ta kafu, da abubuwan da suka sauya ta, da kuma abin da ke shirin ɓacewa daga cikinta.

Ma'anar gida

Wajibi ne a fara da kalmar gida ita kanta. A Ingila gida gini ne guda ɗaya mai rufi, wanda mutum ke kulle kansa a ciki saboda sanyi. A can ƙanƙarar hunturu tana kashe duk wani tsiro na ƙasashe masu zafi idan an bar shi a waje, don haka mai son irin wannan tsiro tilas ya shigar da shi ɗaki, ya ajiye shi inda haske ke ratsa gilashi. A shekarar 1829 wani likita na birnin Landan mai suna Nathaniel Ward ya gano cewa tsiro yana iya daɗewa a cikin akwatin gilashi rufaffe, kuma da irin wannan akwati aka riƙa ɗauko tsirrai a jiragen ruwa daga ƙasashe masu nisa. Da aka soke harajin gilashi a 1845 da na tagogi a 1851, sai tagogi suka yawaita, al'adar ta bazu har zuwa gidajen masu matsakaicin hali.

Gidan Bahaushe kuwa fili ne da aka kewaye da katanga ko darni, da zaure a gaba, da ɗakuna a warwatse a ciki. Ɗaki wurin kwana ne da ajiya, tagarsa ƙarama ce domin a tsare zafi, saboda haka hasken da ke cikinsa ba ya isar tsiro. Girki da daka da saƙa da hira duk a tsakar gida ake yinsu, a ƙarƙashin sarari. Ashe ke nan wanda ke neman shukar cikin gida a ƙasar Hausa, a tsakar gida da bayan ɗaki zai neme ta. Abokan gabanta kuma su ne ƙishirwa da awaki da gara.

Ƙasa da ruwa

Garuruwan nan uku suna cikin yankin da damina ba ta wuce wata huɗu, daga Yuni zuwa Satumba, zafin bazara kuma yakan haura digiri 40. Abin da ya cece su shi ne gulbi. Gulbin Rima yana bi ta Goronyo ya gangaro Wurno kafin ya sadu da kogin Sakkwato kusa da birnin Sakkwato, ita kuwa Raba tana bakin kogin Sakkwato ne. Kowace shekara ruwa yakan cika ya malale fadama, in ya janye ya bar laka mai taki da danshi kusa da fuskar ƙasa.

Wannan ya raba aikin shuka gida uku. Akwai gonar tudu ta gero da dawa da wake, wadda ta dogara da ruwan sama. Akwai fadama, inda ake noma shinkafa da damina, a kuma yi lambu ko garka da rani, a ɗebo ruwa da jigo a ba albasa da tafarnuwa da alkama. Na ukun shi ne tsakar gida. Ita ce mafi ƙanƙanta, ba ta shiga lissafin haraji, ba ta zuwa kasuwa sai kaɗan, shi ya sa masu rubuta tarihin noma suka fi tsallake ta.

Zamanin ribaɗi

Bayan jihadin da Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ya fara a 1804, da faɗuwar Alƙalawa a 1808, gabashin Sakkwato ya zama bakin daga tsakanin sabuwar daula da Gobirawa da Azbinawa. Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, wanda ya yi mulki daga 1817 zuwa 1837, ya magance wannan da kafa ribaɗi, watau garuruwa masu ganuwa da ake zaunar da jama'a a cikinsu domin tsaron iyaka. Wurno ce babbar cikinsu. Ya gina ta a kan tudu mai kallon fadamar Rima, ya mai da ita mazauninsa, a nan ya rasu a 1837, a nan kuma kabarinsa yake. Raba ma ta shiga hannun zuriyarsa. Daga can ɗansa Abubakar Atiku na Raba ya zama Sarkin Musulmi a 1873, kuma a can aka haifi jikan Atikun, Sardaunan Sakkwato Ahmadu Bello.

Manufar Muhammadu Bello ba ta tsaya ga yaƙi ba. A cikin littafinsa Usulus Siyasa, wanda ya rubuta wa Sarkin Katsina Ummarun Dallaje, ya ɗora wa shugaba nauyin raya garuruwa da ƙarfafa manoma da masu sana'a. Ya kuma ja hankalin Fulani makiyaya da su zauna wuri ɗaya. Wannan yana da muhimmanci ga batun da ake magana a kai, domin makiyayi mai tashi ba ya dasa itacen da sai ya shekara biyar kafin ya ba da inuwa. Dasa itace alama ce ta cewa mutum ya zauna. Har ila yau, a garin da ake rufe ƙofofinsa saboda hari, ganyen miya da saiwar magani da ke bayan ɗaki sun fi na daji amfani, tun da yake fita daji kan zama kasada.

Bugu da ƙari, Muhammadu Bello masanin magani ne. Ya yi rubuce-rubuce a wannan fanni, cikinsu har da wanda ya yi a kan ciwon basir da wanda ya yi a kan amfanin filasko. Malaman zamaninsa kuma suna karantar da cewa wanda ya dasa itace yana samun ladan sadaka muddin mutum ko dabba ko tsuntsu na ci daga gare shi. Ta haka buƙata da ilmi da addini suka haɗu suka ba itacen gida daraja. Wurno ta ci gaba da zama fadar daula a zamanin Sarkin Musulmi Aliyu Babba, kuma a lokacinsa ne Bajamushe Heinrich Barth ya sauka a garin a 1853, ya sake komowa a 1854. A cikin labarin tafiye-tafiyensa ya ambaci itatuwan ƙasar Hausa da yawa da sunayensu na Hausa.

Abin da ake shukawa da yadda ake rainonsa

Shukar tsakar gida ta mata ce, musamman a gidajen da ake kulle. Ana iya kasa ta bisa amfaninta. Ta miya ta haɗa da zogale da rama da yakuwa da kuɓewa da barkono da kabewa. Ta kwalliya da ƙamshi ita ce lalle da ɗoɗɗoya da na'ana'a. Ta kayan aiki ita ce duma, wadda ake bari ta hau rufin ɗaki ta ba da ƙwarya da ludayi da buta, sai soso da ke bin darni. Ta marmari ita ce gwanda da lemun tsami da rumman da dabino. A ƙofar gida kuma akan bar durumi ko ceɗiya domin zaman maza da karatun allo. Ya kamata a lura cewa gwanda da barkono asalinsu daga nahiyar Amurka suke, sun iso ta hanyar fatauci bayan ƙarni na 15. Wannan ya nuna cewa tsakar gidan Bahaushe ta saba karɓar baƙon iri tun kafin mulkin mallaka.

Dabarun rainon sun ginu ne a kan tattalin ruwa. Ba a ɗebo ruwa daga rijiya musamman domin tsiro sai a farkon dashe. Wurin dashen ne ake zaɓa da hikima: gindin randa, inda ruwa ke tsattsafowa ta jikin yumɓu dare da rana, da wurin alwala, da bakin makwararar ruwan wanke-wanke. Ruwa ɗaya yakan yi aiki sau biyu. Akan yi wa tsiro gurbi mai ɗan zurfi domin ruwa ya tsaya a gindinsa, a ba shi da maraice lokacin da rana ba za ta shanye ba. Takinsa kashin awaki ne da ya bushe da sharar gida, a barbaɗa toka saboda ƙwari. Kariyarsa ƙaya ce ko tsohon kwando ko fasasshiyar tukunya da aka kifa a kewayensa, a bakin gona da garka kuma a yi shinge da aguwa. Iri kuwa hannu da hannu yake tafiya, daga uwa zuwa ɗiya, daga maƙwabciya zuwa maƙwabciya.

Zuwan Turawa

Turawan Ingila sun ci Sakkwato a watan Maris na 1903. Abubuwa biyu suka kawo da suka shafi wannan batu. Na farko shi ne shukar da ba ta da wani aiki sai ado, wadda aka fara gani a barikinsu, daga nan ta shiga makarantu da asibitoci da gidajen ma'aikatan En'e. Na biyu, wanda ya fi tasiri, shi ne dogon yaro ko darbejiya. Asalinsa daga ƙasar Indiya ne, an fara dasa shi a Nijeriya a lardin Barno wajen 1928, sa'an nan ma'aikatan gandun daji suka baza shi a sauran larduna. Yana saurin girma, yana jure fari, kuma yana riƙe ganyensa a bazara lokacin da aka fi buƙatar inuwa. Saboda haka ya mamaye tituna da kasuwanni da ƙofofin gidaje. Sai dai ba ya ba da abin miya, ƙananan shuke-shuke kuma ba su cika yin kyau a ƙarƙashinsa ba.

Akwai wani abin lura a nan. Wasu daga cikin tsirran da ake sayarwa da tsada a matsayin shukar ɗaki, 'yan wannan nahiya ne. Tsiron nan mai dogayen ganye kamar takobi da ake gani a ofisoshi asalinsa Afirka ta Yamma ne, ɗan'uwan moda ne wadda ake samun zaren tsirkiyar baka daga gare ta. Ƙarya mai jan fure da kumburarren gindi, wadda sunanta ke tuna wa mutum karin maganar nan ta ƙarya fure take ba ta 'ya'ya, tsiron Sahel ce, ga shi ana kiwonta a tukwane har a ƙasar Tailan. Likita J. M. Dalziel, wanda ya yi aiki a Arewa, ya tattara sunayen tsirrai na Hausa ya buga a 1916, kuma littafin nasa shaida ne na zurfin sanin da Hausawa suka yi wa tsirran ƙasarsu.

Fari da madatsun ruwa da siminti

Farin 1973 da na 1984 sun kashe itatuwa da dabbobi masu yawa a wannan yanki, suka sa gwamnati ta juya ga manyan ayyukan ban ruwa. An gama madatsar Bakolori a kan kogin Sakkwato a 1978, aka gama ta Goronyo a kan gulbin Rima a 1984. Madatsun sun samar da ruwan noman rani da na sha, amma sun sauya yadda ruwa ke malala a fadamun da ke ƙasa da su, inda Raba da Wurno suke. A Satumbar 2010 kuma ambaliya ta cinye gidaje da gonaki masu yawa a ƙasar Goronyo da maƙwabtanta. Daga wajen 2018 hare-haren 'yan bindiga suka tashi ƙauyuka da dama a ƙananan hukumomin Raba da Goronyo. Gidan da aka gudu aka bari, shukarsa ce ke fara mutuwa, irin da aka gada daga kakanni kuma ya tafi tare da ita.

Akwai kuma sauyin da ya zo a hankali ba tare da hayaniya ba. Iyali sun ƙaru, an rarraba gidajen gado, ɗakuna sun cinye tsakar gida. Abin da ya rage an daɓe shi da siminti, ruwan wanke-wanke ya bi bututu zuwa titi, jarka da firji suka maye gurbin randa. Siminti da kwano suna riƙe zafin rana su sake shi da dare, sai ga gidan da ya fi tsada ya fi zafi. Uwargida kuma ta koma sayen zogale da lallen da kakarta ke tsinka a bayan ɗaki.

Kammalawa

Wannan tarihi ya ɗora nauyi a kan mutane iri biyu. Ma'aikatan da ke tsara rukunin gidaje da makarantu da asibitoci suna da ikon barin wani yanki na kowane fili babu daɓe, su kuma karkatar da ruwan alwala zuwa gindin itace. Jihar Sakkwato tana cikin jihohi 11 da shirin kafa shingen itatuwa domin tare hamada ya shafa, kuma ya dace masu raba dashe su sa zogale da lalle da lemun tsami cikin abin da suke rabawa, su kuma damƙa shi ga matan gida, domin dashen da ke da mai shi ya fi rayuwa a kan wanda aka jera a bakin hanya aka tafi. Ɗalibai kuwa, aikinsu shi ne su zauna da tsofaffin mata na Wurno da Raba da Goronyo, su rubuta sunan kowane tsiro da lokacin dasa shi da amfaninsa, tun masu wannan sani suna raye. Hausawa sun ce da tsohuwar zuma ake magani. Tukunyar fure a falo ba laifi ba ce, amma mai ita zai fi cin moriya idan ya bar wa zogale wuri a bayan ɗakinsa.