Girman Taya: Daga Ƙofar Kabuga zuwa Keke Mai Ƙafa Ɗaya

Shekaru da dama, kekunan da ke shigowa birnin Kano ta Ƙofar Kabuga daga ƙauyukan hanyar Gwarzo, ɗauke da buhunan hatsi, galibinsu taya mai inci 28 gare su, ko Raleigh ko Phoenix na ƙasar Sin. Babbar taya haye rami take yi, shi ya sa ta dace da hanyar burji.

An sha wuya kafin a kai ga wannan girma. A Ingila ta shekarun 1870, feda a jikin tayar gaba take, mai son gudu sai ya ƙara girman tayar har ta haura inci 50, in ya faɗi kuwa da ka yake sauka. A 1885 John Kemp Starley ya fito da Rover, wanda sarƙa ke juya tayarsa ta baya, gudu ya daina dogara ga girma.

Keke mai ƙafa ɗaya bai ci wannan gajiyar ba, domin ba shi da sarƙa: juyin feda ɗaya, juyin taya ɗaya. Inci 24 na cin kusan mita 1.9, inci 29 kuwa 2.3. Kris Holm na Kanada, gwanin hawan duwatsu da irin wannan keke, a kan kakkaurar inci 24 ya yi suna, don tana biyayya a gangara, mahayi kuma na kusa da ƙasa. Sabon shiga da ya zaɓi 29 saboda kwaɗayin sauri, tudu zai cinye masa gwiwa tun bai iya tsayuwa ba.