2.4 Tarihin Daidaita Maɓallan Fiyanon MIDI da Manhajar Haɗa Kiɗa

Kafin a fahimci dalilin da ya sa mai kiɗan sitidiyo kan zauna yana sanar da kwamfuta aikin kowane maɓallin murɗawa da ke jikin fiyanonsa, ya wajaba a waiwayi asalin tsarin MIDI. A farkon shekarun 1980 kowane kamfani da irin hanyar da na'urorinsa ke sadarwa, ta yadda fiyanon wani kamfani ba ya jin maganar na wani. A shekarar 1981 ne Dave Smith na kamfanin Sequential Circuits da ke Amurka ya gabatar da shawarar a samar da hanya guda, shawarar da ta dace da tunanin Ikutaro Kakehashi na kamfanin Roland da ke Japan. A watan Janairu na 1983, a bajekolin NAMM, aka haɗa Prophet-600 da Jupiter-6 da waya, ɗaya yana kaɗa ɗaya.

Abin lura shi ne MIDI ba sauti yake ɗauka ba, umarni yake ɗauka. Idan aka murɗa maɓalli, fiyano zai aika da lambar wannan maɓalli, sannan da matsayin da ya kai, daga 0 zuwa 127. Wasu lambobin an yanke musu aiki: lamba 7 ƙarfin sauti, lamba 10 karkata sauti dama ko hagu, lamba 64 kuma matakin ƙafa mai riƙe sauti. Amma da yawa an bar su babu takamaiman aiki. A ganin wannan nazari, nan ne tushen matsalar. Waɗanda suka tsara MIDI na'ura da na'ura suke son haɗawa, ba su yi tanadin manhajar da za ta zo da ɗaruruwan abubuwan sarrafawa ba.

Kwamfuta ta shigo harkar sosai da fitowar Atari ST a 1985, wadda ta zo da kafar MIDI a jikinta, kuma a kanta ne kamfanin Steinberg na Jamus ya fitar da Cubase a 1989. Bayan da kamfanin ya ƙirƙiro tsarin VST a 1996, ya kuma faɗaɗa shi ya ƙunshi kayan kiɗa a 1999, sai sautin ya koma cikin kwamfuta. Wannan ne ya buɗe kasuwar ƙananan fiyano waɗanda ba su da sautin kansu, sai dai maɓallai. To, amma maɓallai takwas, misali, ba za su wadaci manhaja ba, kuma manhajar ba ta san wanne ne na wane aiki ba.

Maganin da ya yaɗu shi ne dabarar "koyo", watau makaɗi ya zaɓi abin da yake son sarrafawa a fuskar kwamfuta, ya murɗa maɓallin da ya ga dama, sai manhaja ta riƙe lambar da ta shigo mata. Dabara ce mai sauƙi, sai dai ta ɗora wa makaɗi aikin da ya kamata kamfanoni su daidaita a tsakaninsu. Haka kuma ba ta kawar da wasu illoli biyu ba. Matakai 128 sun yi kaɗan, har kunne kan ji sauti yana hawa daki-daki maimakon ya tafi sumul. Sannan idan matsayin maɓalli ya saɓa da na manhaja, da an taɓa shi sai sautin ya yi tsalle. Shi ya sa manhajoji irin su Ableton Live suka tanadi zaɓin da manhaja za ta jira har maɓalli ya iso matsayinta kafin ta bi shi.

Sai a 2020 aka amince da MIDI 2.0, wanda ya ƙara yawan matakan ƙwarai da gaske, ya kuma ba na'urori biyu damar tambayar juna abin da kowace ke iya yi.